Mene ne ainihin aikin akawun soja a sansani lokacin yaƙi?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga dattawanmu da suka yi aikin soja, da kuma malamanmu masu nazarin tarihi. Duk lokacin da ake ba da labarin yaƙi, abin da muke ji shi ne fagen daga, wato kai farmaki da musayar wuta da ja da baya, amma na lura cewa a kowace bataliya akwai sojojin da aikinsu rubutu ne, suna zaune a tanti gaban tebur da keken rubutu, alhali kakinsu ɗaya da na sauran, kuma su ma an ba su bindiga. Abin da nake son sani shi ne yadda yinin soja yake tafiya a sansani a ranakun da ba a gwabzawa, da kuma ko wane irin rubutu ne wannan da ba ya ƙarewa, har ake ware masa mutane a lokacin da ake bukatar kowane hannu. Na sha jin ana cewa akawun soja mutum ne da ya samu mafaka ya bar 'yan'uwansa a bakin wuta. Shin wannan magana tana da tushe, ko kuwa rashin sanin aikin ne ya kawo ta? Ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla.

Tsohon Saje ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi aiki a ofishin kamfani, wato ƙaramin rukunin sojoji da ke ƙarƙashin bataliya, da na bataliya kafin in ajiye kaki, kuma abin da zan faɗa maka kusan haka yake a yawancin rundunonin duniya, sunayen takardun ne kawai suke bambanta.

Yinin soja yana farawa tun kafin gari ya waye. Idan sansanin yana can baya, begila ce take tayar da mutane, idan kuwa yana kusa da abokan gaba to babu busa, kofur ne yake bi yana taɓa ƙafar kowa, sai kowa ya ɗauki bindigarsa ya shiga raminsa ya tsaya cikin shiri har haske ya bayyana, domin an daɗe da sanin cewa da asuba da faɗuwar rana aka fi kawo hari. Bayan an sallami mutane sai wanke fuska da aski da goge bindiga da karin kumallo, sannan faretin kiran suna. Daga nan aiki yake rarrabuwa. Marasa lafiya su bi layin likita, wasu su tafi haƙa rami ko gyara waya mai ƙaya, wasu su sauke kaya daga mota, wasu su ɗebo ruwa, wasu su haƙa sabon masai su binne tsohon, wasu su fita atisaye, waɗanda suka kwana gadi kuma su samu su runtsa. Da yamma a ɗora sabon gadi, a sanar da kalmar sirri ta daren, a sake tsayuwar shiri, sannan a kashe fitilu. Mafi yawan kwanakin soja a yaƙi jira ne da aikin ƙarfi da gajiya, kuma wanda bai taɓa yi ba yakan yi mamaki idan aka gaya masa yadda ranakun gwabzawa suke da ƙaranci.

Akawu yana shigowa ne a wurin ƙidaya, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce uwar aikin. Kowace safiya dole kamfani ya aika wa ofishin bataliya takarda guda da take nuna mutum nawa ne a rajista, nawa ne suke nan a tsaye, nawa ne a asibiti, nawa suka tafi hutu ko kwas, nawa aka ara wa wata runduna, nawa ne a tsare, nawa ne ba su amsa suna ba. Lissafin kuma dole ya haɗu da na jiya. A ce jiya kuna 120, an kawo sababbi 4, an kai 3 asibiti, an mayar da 1 wata bataliya, to yau dole a ga 120 daidai, kuma kowane sauyi da sunan mai shi da lambarsa a gefe. Idan jimla ta ba da 119, samanja ba zai karɓi takardar ba, kwamanda kuma ba zai sa hannu ba, sai akawu ya ajiye alƙalami ya bi tanti-tanti yana tambayar kofur-kofur har ya gano cewa an tura wani rakiyar motar ruwa tun cikin dare ba a gaya wa ofis ba. Wannan mutum ɗaya shi ne dalilin da za ka ga akawu bai karya ba har hantsi.

Kada ka ɗauka son takarda ne ya kawo wannan tsanani. Da wannan adadi ake neman abinci da ruwa da harsashi da magani, kuma ana nema ne tun kafin ranar da za a ci, saboda kayan daga nesa suke tasowa. Idan akawu ya rage mutum goma a lissafi, mutum goma ne za su kwana da yunwa ko kuma a tsakuro daga rabon kowa. Idan ya ƙara, ya buɗe ƙofar sata, domin abinci da albashin mutanen da babu su dole su faɗa hannun wani. A ƙarshen shekarar 2014 Firayim Ministan Iraƙi Haider al-Abadi ya sanar cewa an gano sunayen sojojin bogi 50,000 a rajistar albashi, kuma wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan faɗuwar birnin Mosul a hannun mayaƙan ISIS. Kwamandan da yake zaton yana da dubu alhali ɗari shida ne a ƙasa, zai ba su faɗin filin da dubu ne kawai za su iya riƙewa. Saboda haka ne sojan Amurka suka riƙe takardar da suke kira rahoton safiya daga 1912 har zuwa 1974, kowane kamfani yana cika ta kullum, ko ana yaƙi ko ba a yi.

Aiki na biyu shi ne buga oda. A tsarin Birtaniya, wanda ƙasashe da yawa suka gada, odar bataliya kashi biyu ce. Kashi na farko yana faɗin abin da za a yi gobe, wato wa ke gadi, wane hafsa ne mai duba sansani, ƙarfe nawa ne fareti. Kashi na biyu kuwa shi ne tarihin kowane soja: ƙarin girma, rage girma, tara, shiga asibiti da fita, aure, haihuwa, canjin runduna. Duk abin da bai fito a wannan kashi na biyu ba, a wurin ofishin biyan kuɗi bai faru ba. Na ga kofur da ya ɗaura igiyarsa a hannu yana ba da umarni, amma yana karɓar albashin farabiti, saboda takardar ƙarin girmansa ta maƙale a wani akwati lokacin da aka tashi sansani, kuma sai da aka sake bugawa aka aika kafin a biya shi bashinsa. Sojan Birtaniya a yaƙin duniya na farko da na biyu yana yawo da ƙaramin littafi mai lamba 64 a aljihunsa, a ciki ake rubuta kuɗin da aka ba shi da sunan magajinsa, har da shafin rubuta wasiyya.

Akwai kuma jerin masu gadi da masu aikin wahala, wanda a ganina shi ne wurin da ake gane halin akawu. Sojoji ba sa karanta yawancin takardun ofis, amma wannan kam suna bin sa da ido suna ƙirgawa, kuma sun san wanda ya yi gadin tsakar dare sau biyu a jere da wanda aka tsallake. Akawun da ya fara saka abokinsa a sauƙi ya zubar da mutuncinsa, ya kuma jawo gaba a tsakanin mutanen da gobe za su dogara da juna a rami ɗaya.

Duk wannan ana yin sa ne a kan akwatin harsashi ko tebur mai naɗewa, da fitilar da aka rufe gefenta don kada haske ya fita, da takardar kwafi guda uku ko huɗu a cikin keken rubutu, wadda ta ƙarshenta da ƙyar take karantuwa. Idan damina ce takarda takan jiƙe tawada ta baje, shi ya sa tsofaffin akawuna suka fi amincewa da fensir. Idan aka ce a tashi, akwatin ofis yana cikin kayan da ba a bari a baya, idan kuma ba zai ɗauku ba sai a ƙona shi, domin takardar ƙidaya a hannun abokin gaba ta gaya masa duk abin da yake nema.

Malamar Tarihi ta amsa:

Allah ya ƙara wa Baba Saje lafiya, ya kawo abin da mu masu karanta takardun ba mu gani da ido ba. Malam mai tambaya, ni zan ɗora ne daga ɓangaren abin da wannan rubutu yake zama bayan an gama yaƙin.

Akwai wata takarda da Baba bai ambata ba, wato littafin yaƙi na kullum. A sojan Birtaniya a lokacin yaƙin duniya na farko da na biyu doka ce kowace bataliya da take fagen yaƙi ta riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana a wani fom mai lamba C.2118, wanda aka raba shi gida-gida: wuri, kwanan wata, sa'a, taƙaitaccen bayani, da ƙarin magana. Hafsa ne yake da alhakinsa, kwamanda ya sa hannu, amma sau da yawa akawu ne yake kwafe shi ya haɗa masa taswira da odar farmaki da jerin waɗanda aka rasa, sannan a aika da shi baya a ƙarshen wata. Na yaƙin duniya na farko suna nan a gidan adana takardun Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan a ƙarƙashin lamba WO 95, kuma an ɗora shafuka kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu a intanet. Na yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, a yaƙin duniya na biyu, suna ƙarƙashin WO 172, kuma a nan ne ake samun na runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943 suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Wanda ya karanta waɗannan littattafai zai ga gaskiyar maganar Baba, domin shafi bayan shafi abin da ke ciki shi ne an gyara hanya, an yi wanka, an duba ƙafafu, an yi ruwan sama, sai kuma rana ɗaya ta zo da layi uku da suka ɗauke mutum hamsin.

Muhimmancin kwafi kuwa gobara biyu ne suka nuna shi. A watan Satumba na 1940 bom ɗin Jamus ya faɗa kan ma'ajiyar takardun soja da ke titin Arnside a Landan, ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin yaƙin duniya na farko, kuma abin da aka tsamo har yau da alamar ƙuna da ruwa a jikinsa. Ranar 12 ga Yuli 1973 kuma wuta ta tashi a cibiyar ajiye fayilolin soja da ke St. Louis a Amurka, ta hallaka fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Babu kwafin waɗannan fayiloli. Abin da ya ceci tsofaffin sojoji masu neman haƙƙinsu shi ne rahoton safiyar nan da Baba ya ambata da takardun albashi, waɗanda aka adana daban, da su ake sake harhaɗa tarihin mutum, a ga ranar da ya shiga kamfani da ranar da aka kai shi asibiti. Akawun da ya buga wannan layi a gajiye cikin dare bai san cewa bayan shekara talatin shi ne zai zama shaidar wani ba.

Wani abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙidayar marasa lafiya ta sauya tafiyar yaƙi. Janar William Slim, kwamandan runduna ta 14 a Bama, ya rubuta cewa a 1943 duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda ciwo, galibi zazzaɓin cizon sauro da atuni da cututtukan fata. Wannan adadi bai faɗo daga sama ba, daga takardun layin likita na kowace safiya aka tara shi. Da ya gan shi sai ya mayar da shan ƙwayar mepacrine, maganin zazzaɓin cizon sauro, dole, ya sa ana gwada sojoji ba zato, ya kuma sauke kwamandojin da aka samu mutanensu ba sa sha. Zuwa 1945 masu kwanciya ciwo sun sauko daga 12 cikin kowane 1,000 a rana zuwa 1. Ba harsashi ko ɗaya aka harba a wannan nasara ba.

Sai maganar wasiƙa, wadda ita ce abin da soja yake jira fiye da komai bayan abinci. A yaƙin duniya na farko gidan wayar sojan Birtaniya ya kai ga isar da wasiƙu kusan miliyan 12 a mako. Galibi wasiƙar da soja ya rubuta sai hafsa ya karanta ya goge sunan wuri ko na runduna kafin ta fita, akwai kuma wani kati da aka buga jimloli a kansa, soja ya soke waɗanda ba su shafe shi ba ya bar irin su ina lafiya ko an kwantar da ni a asibiti, kuma idan ya ƙara kalma ɗaya da hannunsa sai a lalata katin. Isar da wasiƙa ga mutumin da aka canja wa runduna sau uku aikin rajista ne zalla. A farkon 1945 an tura bataliya ta 6888 ta sojan Amurka, wadda mata baƙar fata ne a ƙarƙashin Manjo Charity Adams, zuwa Birmingham a Ingila, inda miliyoyin wasiƙu da ƙunshi suka taru a rumbuna. An ba su wata shida, suka gama cikin uku, suna aiki dare da rana da katunan bin sawun kowane soja, kuma a cikin waɗanda suke nema akwai mutum kimanin 7,500 masu suna Robert Smith. Lambar soja ce kaɗai take raba su. Birtaniya ma sai a 1920 ta ba kowane soja lambar da babu mai irinta, kafin nan kowace runduna da nata jerin, har a samu mutane da yawa da lamba ɗaya. A rundunonin da yawancin sojoji ba su yi karatu ba kuwa, akawu yakan zama mai rubuta wa mutane wasiƙar gida da karanta musu amsa bayan ya tashi daga aiki, saboda haka yana riƙe da sirrin iyalan kamfani gaba ɗaya.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Na amfana da bayanin Baba da na Malama, amma ina so in ja hankali kan wani gefe, don kada mai tambaya ya tafi da zaton cewa duk abin da ya faru an rubuta shi, ko kuma duk abin da aka rubuta haka ya faru. Littafin yaƙin da Malama ta ambata yakan kira hafsa da sunansa idan ya mutu ko ya ji rauni, amma ƙananan sojoji sai dai a ce mutum kaza, ba suna. Sau da yawa kuma ana cika shi ne kwanaki bayan faɗan, daga bakin waɗanda suka tsira, kuma mai sa hannu a kai shi ne mutumin da za a tuhuma idan an yi kuskure a fagen. Dole mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne mutanen da tsarin bai ga dama ya rubuta ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, waɗanda suka mutu a hidimar Birtaniya a yaƙin duniya na farko, galibinsu 'yan Afirka da Misirawa, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Da yawansu 'yan dako ne da suka ɗauki kayan yaƙi a ka a Gabashin Afirka. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Wannan ba laifin akawun da ke tanti ba ne, hukunci ne na manya da suka ga cewa waɗannan sunaye ba su cancanci wahalar adanawa ba, alhali a allon tunawa na Thiepval da ke Faransa an sassaƙa sunaye sama da 72,000 na sojojin da ba a ga gawarsu ba, ɗaya bayan ɗaya.

Saboda irin wannan ne dokar ƙasa da ƙasa ta shigo cikin aikin. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta wajabta wa kowane ɓangare ya rubuta bayanan wanda ya faɗo hannunsa daga abokan gaba, rayayye ko matacce, wato suna da lamba da ranar haihuwa da wurin da aka same shi, ya aika ta hannun ofishin da aka keɓe domin labari ya kai ga iyalinsa. Tun 1914 ƙungiyar Red Cross ta buɗe ofis a Geneva da ya tara miliyoyin katunan fursunonin yaƙi. Tambarin suna da lamba da soja yake ratayawa a wuya ma saboda haka aka mayar da shi biyu. A 1916 sojan Birtaniya ya fara ɗaukar kore mai kusurwa takwas da ja mai da'ira, a bar koren a jikin gawa, a cire jan a kai ofis.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Saje, saura ɓangare ɗaya na tambayata da nake son jin ra'ayinka a kai, wato zargin da ake yi cewa akawu ya ɓuya ne a bayan tebur. Kai da ka zauna a kujerar, yaya kake ganin wannan magana?

Tsohon Saje ya sake amsawa:

Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, haɗarin da ke kan mai bindiga a ramin gaba ya fi na akawu, kuma sojan da ya dawo daga sintiri jiƙe da laka ya tarar da wani a bushe a ƙarƙashin tanti yana da dalilin jin haushi. Akawun kirki ya san da haka, shi ya sa ba ya ɗaga wa irin wannan mutum murya, kuma ba ya sa shi ya dawo gobe saboda takardar da za a iya gamawa yau. Amma a bambanta akawun babbar hedikwata da ke nesa da akawun kamfani ko na bataliya, wanda yake inda harsashin igwa yake sauka, yana yin tsayuwar asuba tare da kowa, yana kuma shiga jerin gadi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tarihi ma ya nuna haka. A watan Fabrairu na 1944 sojojin Japan sun zagayo ta bayan runduna ta 7 ta Indiya a Arakan, suka tarwatsa hedikwatar Manjo Janar Frank Messervy, suka yi wa filin ajiye kaya da ke Sinzweya ƙawanya. Yawancin waɗanda ke wurin akawuna ne da direbobi da masu kula da alfadarai da ma'aikatan asibiti da masu gyaran mota. Birgediya Geoffrey Evans ya raba musu wuraren tsaro tare da 'yan tankoki da sojojin ƙafa da aka samu, jiragen sama suna jefo musu abinci da harsashi, suka riƙe wurin sama da mako biyu har aka buɗe hanya. A cikin wannan ƙawanya ne abokan gaba suka shiga asibitin sansanin da dare suka kashe likitoci da majinyata a kan gadajensu.

Amma idan ka tambaye ni mafi nauyin aikin, ba wannan ba ne, abin da ke biyo bayan faɗa ne. Ana tara waɗanda suka dawo a kira suna, kuma duk sunan da ba a amsa ba sai akawu ya bi waɗanda suke kusa da shi yana tambaya: wa ya gan shi a ƙarshe, a ina, yana tafiya da ƙafarsa ko an ɗauke shi, wa ya ga gawarsa da idonsa. Dole ya zaɓi kalma ɗaya daga cikin kaɗan, an kashe, ya ji rauni, ya ɓace, ko ana zaton an kama shi, kuma ba a yarda ya rubuta mutuwa a kan jita-jita ba, domin wannan kalma ce za ta isa gidan mutumin, a kanta matarsa za ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira, a kanta kuma ofishin kuɗi zai tsayar da albashi ya buɗe maganar haƙƙin magada. Sannan a buɗe jakar mamacin a gaban hafsa a rubuta duk abin da ke ciki, agogo da hoto da wasiƙun da bai aika ba da 'yan kuɗinsa, a ware kayan gwamnati a mayar sito, a ɗaure nasa a rubuta sunan magaji daga littafin aljihunsa. Mutanen nan ba baƙi ba ne a wurin akawu, shi ya buga musu takardar hutu, ya san wanda aka yi wa haihuwa a watan jiya. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin Somme a Faransa, sojan Birtaniya ya yi asarar mutum 57,470, wato matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace ko aka kama, daga ciki 19,240 sun mutu, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sai da wani ya zauna ya rubuta sunansa da lambarsa ya tantance halin da yake ciki, wasu an ɗauki watanni kafin a tabbatar.

Game da abin da Mai Bin Diddigi ya faɗa, na yarda da shi, kuma zan ƙara cewa a matakin kamfani gyaran yana hannun samanja da akawu. Duk wanda aka haɗa da kamfani, ko ɗan dako ne ko direban da aka aro ko mai dafa abinci, a shigar da cikakken sunansa da lambarsa da sunan magajinsa a rajista a ranar da ya iso, kafin a ba shi wurin kwana, domin idan aka bari sai an samu sarari, sau da yawa faɗa yakan riga sararin zuwa.